Ƙariyar Iya Maijidda

Haɗeja,
Ƙarshen Fabrairu.

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Ya Huseina,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya kunnen? Ina fata maganin ɗigawar da aka ba ki ya yi amfani. Yaya Malam da yara, yaya zafin Maiduguri da ya fara kunno kai? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Tunda waya ta daina yi mana rana, ina ɗaga murya kina cewa ba ki ji ba, na ga gara in koma takarda kamar da. Shu'ibu direba ya ce duk sanda zai kai shinkafa can zai riƙa miƙa miki.

Ya Huseina, abin da ya sa na ɗauki biro ba na daɗi ba ne. Na ga ƙariyar Iya, itacen furen nan nata. Da idona na gan ta, da ranta, a kan teburin wata.

Kin tuna ambaliyar ƙarshen daminar da ta wuce, lokacin da jinga ta ɓalle ta bayan unguwarmu. Maza na ta jibga buhunan ƙasa, ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ni ban tuna da katifa ba, ban tuna da akwati ba, tukwanen shukokina na fara jawowa. A ranar Hajiya Mardiyya, shugabar ƙungiyarmu ta Masu Ƙawata Gari, ta turo a-kori-kura ta kwashe tukwanen duk 'yan ƙungiyar da ke bakin kogi, ta kai gidanta da ke kan tudu. Muka yi ta sa mata albarka. Mu kuma muka tafi Jahun gidan wan Malam maigidana, muka zauna har ruwa ya janye.

Da muka dawo ta maido mini da furen rozina, da lallena, da sauran ƙananan shukoki. Ƙariya kuwa ta ce ruwan sama ya yi mata yawa, ta ruɓe har tana wari, ta sa an kai ta bola. Na yi kuka kamar ranar da aka fita da Iya. Ita ma ta dafa kafaɗata ta taya ni, har da sharce hawaye da bakin mayafi.

Kin fi ni sanin tarihin itacen nan, amma bari in faɗa ko zuciyata ta yi sanyi. Baba Adam ya kawo ta daga Baga shekarar da aka haife ni, ɗan reshe bai fi yatsa ba. Ta daji furenta ruwan hoda ne, ita kuwa ja ne wur, mai ninki biyu, da duhu-duhu a bakinsa. Iya ba ta ba ta ruwa sai ragowar butar alwala. A haka gindinta ya yi ciki kamar tulu. A haka muka tashi muna ganinta tana zubar da ganye da rani, ta fito da fure a lokacin da komai ya bushe.

Asabar ɗin da ta wuce muka yi bajekolin furanni na shekara a filin firamaren unguwa. An kafa rumfuna, an jera tebura. Masu kayan lambu sun kawo latas da kabeji da attaruhu, 'yan makaranta sun kawo abin da suka shuka a gwangwanaye. Ni na kai bado a cikin babban baho, da furen lalle da ƙamshinsa ya cika rumfar. Teburin Hajiya yana tsakiya, an lulluɓe wani abu da farin yadi. Sai da alƙalin gasar ya iso, wani malami da aka gayyato daga makarantar aikin gona, sannan ta yaye. Ya Huseina, ita ce. Ga cikin nan kamar tulu. Ga karkatar nan ta hagu. Ga tabon da kika bari ranar da kika yanki reshe za ki tafi da shi gidan miji. A gabanta an kafa kwali an rubuta “Jar Mardiyya”, wai daga Madina ta zo da ita.

Ita ta zo ta ɗaya, aka miƙa mata kofi ana tafi. Ban san sanda na isa gabanta ba. Na ce wannan ta uwata ce, na kira ta ɓarauniya a gaban kowa. Malam Nu'uman, sakataren ƙungiya, ya zo yana ba ni haƙuri yana neman in koma gefe. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Murmushi ta yi, ta juya wajen jama'a ta ce, “Ku yi wa Falmata uzuri, tun ambaliyar nan ba ta dawo daidai ba.” Na ga mata suna girgiza kai suna kallona da tausayi. Wata har ta ce Allah ya ba ni lafiya. A garin da aka binne cibiyata aka mayar da ni taɓaɓɓiya da magana ɗaya.

A gida Malam ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa, amma shi ya ba ni hannu biyu. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma ba na sauri.

Abu ɗaya nake so ki gaya mini: reshen nan da kika tafi da shi, yana nan da rai? In yana nan, ki yanko mini duk abin da za ki iya ba tare da kin cuce shi ba. Kada ki jiƙa, ki bar bakin yankan ya bushe a inuwa, ki naɗe a takarda ki ba Shu'ibu.

Ki gaishe mini da Malam da yara duka.

Taki ƙanwarki,
Falmata.

Haɗeja,
Tsakiyar Mayu.

Ya Huseina,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kuma kun sha ruwa lafiya, kun yi salla lafiya. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Yaya ƙafar Malam? A ce masa ina yi masa sannu.

Kwalinki ya iso. Da na buɗe na ga rassan nan a jere sai na zauna a ƙasa na rungume shi. Ban zaci taki ta yi girma haka ba. Allah ya saka miki da aljanna. Na karanta takardarki kuma, na ga inda kika ce in yi a hankali. Ina yi a hankali, ai shi ya sa har yau ba wanda ya san komai.

Kwamitin ƙungiya ya zauna a kaina. Sun ce ba ni da shaida, ƙariya ƙariya ce, kowa na iya samun irinta. Sun hana ni baje kaya a bikin baɗi saboda na ɓata wa shugaba suna, amma ba su hana ni zuwa aiki ba. Sun ɗauka zuciya za ta sa in fice. Kowace Asabar ni ce ta farko a filin. Ni ke juya takin da muke haɗawa da ganye da kashin shanu, ni ke cika ledojin reno da ƙasa. In Hajiya ta iso in gaishe ta har da rusunawa. Kin san Bashirata tana koyarwa a makarantar kuɗin da Hajiya ta buɗe, don haka mutane suka ce saboda aikin 'yata na sauko. Su ci gaba da cewa.

Kin san karin maganar nan, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Haka itacen Iya yake, tun muna yara ba mu taɓa ganin ya yi iri ba. In ka dasa reshe kuma sai ya ja lokaci kafin ya kama. Amma in ka aurar da shi a kan gindin ta daji, kamar yadda ake aurar da mangwaro, kafin shekara ta zagayo zai yi fure. A ƙungiyar nan aka koya mana aurar da itace bara waccan. Hajiya ce da kanta ta kawo mai koyarwar, ta kuma raba mana 'yan wuƙaƙe. Da tata wuƙar nake aiki.

Gambo, ƙanin Malam da ke sana'ar su a wajen Guri, shi ya kai ni inda ta dajin take. Muka tsallaka a kwalekwale, muka hau wani tudun rairayi, ga su nan birjik tsakanin ƙaya. Wasu makiyaya suka tsaya suna kallon mace da shekarunta tana haƙar abin da ko akuya ba ta ci. Ruwan jikinta ya fantsar mini a ido, ya kwana biyu a kumbure, na ce wa maƙwabta rina ce ta harbe ni. Gambo ya tambaye ni ko magani zan haɗa. Na ce masa e, na hawan jini.

Yanzu suna bayan madafa, na kewaye da zana. Kowane reshe naki na yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da gindinta, na ɗaure da leda. Wasu sun yi baƙi sun mutu. Da yawa kuwa sun fara tsiro, ɗan kore kamar kan allura. Da asuba in na idar da salla can nake zuwa in tsuguna ina duba su, in tuna murmushin matar nan, sai in ji ƙarfi ya zo mini.

In kina da sauran abin yanka bayan ta sake toho, ki ƙaro mini.

Bashira na gaishe ki. Malam ma ya ce a gaishe ku.

Taki har kullum,
Falmata.

Haɗeja,
Farkon Disamba.

Yayata Ya Huseina,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya sanyi, yaya jikokinki? Na ji ƙaramar ta fito da haƙori da ƙyar, Allah ya raya mana su. Ki yafe mini jinkirin amsa. Na karanta takardarki ta ƙarshe sau da yawa, kuma na san ba za ki ji daɗin abin da zan faɗa ba.

Bana kogi ya yi mana da sauƙi, jinga ta riƙe. Ƙungiya ta yi aiki sosai da damina. Mun dasa itatuwan maina, wato dogon yaro, a gefen maƙabarta, mun taya manoma sare ciyawar kacalla da ta toshe magudanar da ke kai ruwa lambuna, har hannuna ya yi kanta. A watan jiya muka ɗauki mota muka je Baturiya kallon bado da tsuntsayen da ke zuwa da sanyi. Hajiya ta zauna kusa da ni a motar, ta miƙo mini dabino. Na karɓa na yi godiya, na ci.

Yanzu bari in gaya miki abin da nake nufi da 'ya'yan ƙariyar nan da na aurar. A dokar bajekolinmu akwai teburin jama'a, inda duk mutumin gari zai iya kawo tukunya ɗaya ko ba ɗan ƙungiya ba ne. Ni aka hana, ba a hana gari ba. Da ruwa ya ɗauke na fara rabo. Na ba matan da ke suyar kifi a bakin gada. Na ba Yunusa mai shayi, na ba matar liman, na ba masu wankin mota, na ba zawarawan layinmu, na ba tsohon da ke faci a tasha. Sun haura arba'in. Kowa na koya masa kada ya cika mata ruwa. Ban karɓi komai ba sai alkawari ɗaya: ranar biki su kawo, in an tambaye su kuma su ce ta Iya Maijidda ce, Falmata ta ba su. Hajiya tana yawo tana cewa irin tata ɗaya ce a faɗin jihar nan. Zan sa ta ga irinta a gaban mai faci.

Ya Gana ta dawo daga Guri, inda take tun ambaliya. Kin san ita ce aminiyar Iya da ta rage. Ta tsufa ƙwarai amma idonta da hankalinta suna nan. Da na kai ta bayan madafa ta shafa ganyen ta yi ta kuka.

Zance ba ya ɓuya a garin nan. Shekaranjiya Malam Nu'uman ya yi sallama a ƙofar gida, ya zauna da Malam a zaure, aka kira ni. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce Hajiya ta ga irin son da nake yi wa itacen nan, ta yi niyyar ba ni shi kyauta. Za a kawo mini har gida, ba wanda zai ji, ni kuma in ce wa mutanena su bar tukwanensu a gida. Kin ji, kyauta. Kayan uwata za a ba ni sadaka. Na ce masa na yarda da sharaɗi ɗaya: ta tsaya a filin da ta tsaya, a gaban mutanen da suka ji, ta ce ƙarya ta yi, kuma hankalina ƙalau yake. Ya ce, “Haba Falmata, babba ba ya yin haka.” Na ce to babba ya jira Fabrairu.

Tun daga ranar gidan ya yi mini tsit. Ya Gana ta ce in karɓa, Iya ba mai son tonon silili ba ce. Ke ma abin da kika rubuto ke nan tun kafin a zo, cewa in itacen ya dawo magana ta ƙare. Malam ya ce in tuna a inuwar wa 'yata take cin abinci. Bashira kuwa ta same ni a ɗaki ta durƙusa. Ta ce tana son yaran ajinta, ta sha wuya kafin ta samu aikin nan, in yi mata rai. Na ɗago ta na share mata hawaye, amma ban ce mata to ba.

Ya Huseina, ba ki nan ranar. Ba ki ga yadda har yau in na shiga gidan biki wasu ke yi mini magana a hankali kamar mai jinya ba. In na karɓi itacen a ɓoye, taɓaɓɓiyar nan ce dai aka lallaɓa da abin wasa. Ba zan iya ba.

Na ji Hajiya ta nemi a soke teburin jama'a, kwamiti ya ƙi, don shi ke tara mutane. An kuma gaya mata tukwanen ba su fi uku ko huɗu ba, kuma ba za su yi fure bana ba. Ban gyara wa kowa lissafi ba.

Ki sa ni a addu'a ko da ranki bai so ba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Falmata.

Haɗeja,
Fabrairu, ranar Lahadi.

Ya Huseina,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya ke da iyali. Yau ba zan tsawaita gaisuwa ba, don ɗokin ba ki labari. Jiya aka yi.

Bikin bana ya fi na bara nesa ba kusa ba. Hajiya ta gayyato manyan mata daga Dutse, aka jera musu kujeru masu laushi. An buga babban kyalle da hotonta tana riƙe da kofin bara, an rataye a bakin ƙofa. Akwai masu ɗaukar hoto, akwai lasifika. Ƙariyar Iya tana tsakiya a kan teburi mai shimfiɗa, ta yi fure har ba a ganin rassanta. Ni na sa atamfata ta salla, na samu benci a can baya kusa da Ya Gana, na naɗe hannu.

Da farko teburin jama'a ba kowa sai 'yan gwangwanaye. Na ga Hajiya ta leƙa ta saki fuska. Ta karɓi lasifika ta fara ba baƙi labarin yadda wani Balarabe ya ba ta itacen a Madina, da yadda ta ɓoye shi a jaka har gida. Tana cikin haka matan bakin gada suka shigo a jere, kowace da tukunya a ka, jan fure yana rangaji. Bayansu Yunusa mai shayi. Bayansa matar liman da 'yan rakiyarta. Tsohon mai faci ya turo tasa a baro, a cikin tsohuwar taya. Teburi ya cika, aka fara jerawa a ƙasa, layin ya miƙe har gaban kujerun baƙi. Fure iri ɗaya, ja wur, mai ninki biyu. Muryar Hajiya ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, har lasifikar ta koma ƙara kawai.

Babbar baƙuwar, wata dattijuwa mai tabarau, ta tashi ta zo ta duƙa tana dubawa. Ta tambayi ɗaya daga cikin masu kifi ko ita ma Madina ta je. Matar ta ce, “Ranki ya daɗe, ko Kano ban taɓa zuwa ba. Ta Iya Maijidda ce, Falmata ta ba ni.” Ta tambayi na gaba, ya faɗi haka. Ta tambayi mai faci, ya faɗi haka. Aka fara dariya daga baya, dariyar ta taho gaba kamar ruwa ya ci jinga.

Sai Ya Gana ta ce in kama ta. Ban roƙe ta ba, wallahi, ita da ta ce in haƙura. Ta dogara sandarta har gaban teburin, ta ɗora hannu a kan cikin itacen. Ba ta karɓi lasifika ba, amma filin ya yi shiru har kowa ya ji. Ta ce ita ta riƙe wa Maijidda tukunya ranar da aka dasa wannan, shekarar da aka haifi Falmata. Ta nuna tabon ta ce wannan yankan Huseina ne, da wuƙar yankan kuɓewa ta yi shi, har uwarta ta yi mata faɗa. Sannan ta dubi Hajiya ta ce, “Mardiyya, amana aka ba ki.”

Na tsaya daf da Hajiya, Ya Huseina. Na ga gumi yana tsattsafowa ta cikin hodarta. Ta nemi Malam Nu'uman da ido, shi kuwa ya duƙufa yana gyaran igiyar rumfa da ba abin da ya same ta. Na matsa kusa na ce mata a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji, “Hajiya, a yi miki uzuri, ko ba ki dawo daidai ba ne?” Shekara guda ina ɗauke da maganar nan a bakina.

Ba ta jira rabon kyauta ba. Ta sa direbanta ya ɗauki itacen ya sa a mota, ta fita ta ƙaramar ƙofa, baƙinta suna zaune. Alƙalin ya rasa yadda zai yi, daga ƙarshe ya ba wa mai faci kofin, wai tasa ta fi lafiyar ganye. Aka ɗaga tsohon sama. Matan da suka yi mini fatan samun lafiya bara suka zo suna kama hannuna, kowace na cewa ita dama ta san gaskiyata. Na amsa musu duka da fara'a, kuma na riƙe sunan kowace.

Na ci tuwo jiya kamar ban taɓa ci ba. Malam Nu'uman ya aiko cewa kwamiti zai zauna ranar Asabar ya sa ta maido mini da kayana a gaban kowa. Ki shirya, in ta dawo gida zan aiko miki da hotonta.

Taki cikin farin ciki,
Falmata.

Haɗeja,
Farkon Maris.

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Yaya shirin azumi? Allah ya kai mu da rai da lafiya.

Bashira ce za ta miƙa miki wannan takardar, ba Shu'ibu ba. Ta ce tana so ta zauna wajenki na ɗan lokaci, babanta ya yarda. Ranar Litinin bayan biki ta je makaranta, mai gadi ya tare ta a bakin ƙofa ya miƙa mata jakarta da 'yan littattafanta. Yaran ajinta suna leƙowa ta taga suna kiran sunanta. Ta dawo ba ta yi kuka a gabana ba. Tana gaishe ni da safe, tana kawo mini abinci, amma ba ta zama inda nake. Ki riƙe mini ita da kyau. Tana son shayi da citta, kuma ba za ta faɗa miki ba in abu ya dame ta.

Kwamiti bai samu abin zama a kai ba. Ranar Alhamis da hantsi mai Keke Napep ya sauke buhu a ƙofar gidanmu, ya ce daga gidan Hajiya, ya ja kekensa. Na kwance bakin buhun a tsakar gida. Da gatari aka yi, Ya Huseina. An datse rassan, an tsarge cikin gida-gida kamar an fasa kabewa. Cikin fari fat, lafiyayye, ba ruɓa ko ta ƙwayar gero. Furannin suna manne da ruwan jikinta a gindin buhu. Na nemo gefen da tabonki yake, na same shi a rabe biyu.

Na zauna a wurin har azahar. Malam ya zo ya tsaya a kaina, bai ce ai na gaya miki ba, Allah ya saka masa. Ya ɗauko tabarma ya rufa mini inuwa. Ya Gana ta zo ta ga buhun, ta juya ta koma gida, tun ranar kuma ba ta sake shigowa ba.

Rassan za su kama in na dasa, na sani. Amma cikin nan da ya yi shekara hamsin yana tara ruwan alwalar Iya, ba mai sake yin irinsa, ko ni ko jikokina. Na haƙa rami a gindin katanga na binne shi.

Hajiya ta ajiye shugabanci, an ce ba ta fita ko'ina. 'Yan ƙungiya sun zo suna so in karɓi kujerar. Duk inda na bi a garin nan jan furen nan ne, a bakin gada, a teburin mai shayi, a ƙofar masallaci. Mutane na ɗago mini hannu. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in wuce da sauri.

Na san abin da za ki tambaya, ko yanzu na huce. Na juya tambayar a raina, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Ban huce ba. A buhu ta aiko mini da uwata. Tukunyar tana wajenta, babbar jar tukunyar nan da Iya ta saya da kuɗin ƙosanta, aka ce har ta dasa wani abu a ciki ta ajiye a barandarta. Gobe in Allah ya kai mu zan sa mayafina in je in karɓo, kuma ta babbar ƙofa zan shiga.

Ki gaishe da Malam da yara. Ki ce wa Bashira uwarta na gaishe ta.

Taki ƙanwarki,
Falmata.